Kawu Daidai da Katakon da Ya Ƙi Zama

Kawuna kafinta ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Zai gyara maka: shi mai haɗa kayan ɗaki ne. Kafinta, in ji shi, shi ne wanda ke cika baki da ƙusoshi ya hau rufi yana ta buge-buge kamar katakon ya zage shi. Shi kuwa shekara arba'in da biyu ya yi yana haɗa gado da kabad da teburi, kuma ba wanda zai nuna maka kan ƙusa a jikin ko ɗaya. Yakan fiƙe bakin katako ya zama harshe, ya huda rami a jikin wani, ya haɗa su, sannan ya ɗauko takarda ya gwada zura ta a tsakani. In takardar ta shiga sai ya ce, "Bai yi daidai ba," ya ware ya sake. Nan sunan ya samo asali. Unguwa kaf Kawu Daidai ake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Yana ɗan shekara sha bakwai ya shiga shagon, wani ɗan ɗaki a bakin titi, jikin shagon aski. Da sharar garin katako ya fara. Da maigidansa ya rasu ya bar masa shagon da akwatin kayan aiki, kuma tun daga ranar sau ɗaya tak ya taɓa ba wani aron abin da ke cikin akwatin nan. Maƙwabcinsa Mai Aski ne ya karɓi cizal, ƙarfen nan mai kaifin baki da ake fiƙe katako da shi, ya buɗe gwangwanin fenti. Shekara talatin da yin haka. Har yau kullum tare suke shan shayi da safe, kuma har yau Kawu bai yafe ba.

Bara mai ginin ya rushe jerin shagunan. Mai Aski ya samu wani wuri a gaba kaɗan. Kawu kuwa ya kwaso kayansa ya jibge a falon Inna, matarsa: zartuna a bayan kujera, teburin aiki a gaban talabijin, baƙo in ya zo sai ya tsallake akwati kafin ya sami wurin zama. Bayan wata biyu ya hau kujera zai canza ƙwan lantarki, jiri ya ɗebe shi, ya faɗo ya fasa goshi.

Autarsu nas ce a wani gari, kuma ita kaɗai ce a duniya Kawu ke jin tsoro. Ta zo ta auna shi, ta dubi falon, ta ce, "Baba, aiki ya ƙare. Zan kwashe kayan nan, ku zauna ku huta."

Ya ce, "In huta in yi me? In ƙirga ƙudaje?"

Kwana biyu suna ja. A ƙarshe suka daidaita a kan sharaɗi. Zai gina ɗakin aiki na katako a bayan gida, kusa da bishiyar lemo. Za ta dawo da motar ɗaukar kaya ranar Lahadin ƙarshe ta wata na uku. In ta tarar da ginshiƙan a tsaye, ta bar masa kayansa. In ba su tsaya ba, motar ta tafi da su. In kuwa ƙafarsa ta taka tsani, ko da matakala ɗaya ce, ba sai an jira Lahadi ba. Inna aka naɗa shaida, aka kuma saya mata sabuwar waya don wannan aiki.

Kawu ya kama aiki kamar zai haɗa kabad ɗin da za a zauna a ciki. Ya zuba siminti ya yi duwatsu huɗu na zaman ginshiƙai. Ya sayo katako mai kauri, wanda sai mutum biyu ke ɗaga guda. Tsarin ba wuya: ginshiƙai biyu da katako a kwance a kansu sun zama bango ɗaya, wasu biyun ɗaya bangon, sai dogayen katakai biyu su zauna a sama su riƙe bangayen. Kowane haɗi harshe da rami, a kulle da turken itace. Cikin tsananin zafi ya fiƙe su duka, ya gwada su a ƙasa, ya bi da takardarsa. Ko a haɗi ɗaya ba ta shiga ba. Ya haɗa bangayen biyu a kwance ya buga musu turaku, dogayen kuma ya jera su a gefe, ya lulluɓe komai da tampol yana jiran ranar da zai sami hannu.

Samun hannun ya ci mako uku. A cikinsu an yi yayyafi sau biyu. Aka sa ranar Asabar, ana gobe Auta za ta zo.

Mu uku ya samu. Ni, malamin makaranta mai tumbi, wanda ko fensir in na fiƙe sai ya karye. Direba, surukin maƙwabta, ƙato ne wanda in ya shigo ƙofa sai haske ya ragu. Sai Mai Aski, siriri kamar tsinke, ya zo da farar riga kamar an gayyato shi cin abinci.

Muna isa Direba ya dubi bangayen ya ce, "Kawu, in mun tsayar da su sai mu tokare da falanki, ƙusa bibbiyu, har mu gama."

Kawu ya dube shi kamar ya ce a zuba miya a cikin takalmi. "Ƙusa? A jikin wannan katakon? Ramin da za ta bari fa, kai za ka zauna kana kallonsa shekara ashirin?"

"Ai cirewa za a yi."

"Igiya za mu sa."

Da igiya muka yi. Muka ɗaga bangon farko muna nishi, muka ɗora ƙafafunsa a kan duwatsun. Igiya ɗaya aka ɗaure a bishiyar lemo, ɗayar aka damƙa mini aka ce in ja in tsaya, kada in yi tari. Muka ɗaga na biyu, aka ɗaure igiya ɗaya a ƙarfen tankin ruwa, ɗayar a hannun Mai Aski. Bangaye biyu suka tsaya suna kallon juna, kowanne ya fi mutum tsawo da rabi, kuma ba abin da ke riƙe da su sai lemo da tanki da ni da Mai Aski.

Inna ta fito da kujera ta zauna a inuwa. Tsanin na kwance a gabanta, ta ɗora ƙafa ɗaya a kansa, wayar na cinyarta.

Lokacin ne na lura ganyen lemon ya fara motsi. Da muka fara, sama wasai take. Yanzu gabas ta yi duhu daga ƙasa.

"Kawu," na ce, "hadari fa."

"Na gani. Minti goma ne. A ɗora, ya zauna, a buga turke."

Mun fito da teburin aikin tun da safe. Direba ya hau kai, Kawu ya tura masa dogon katakon daga ƙasa, ya ɗora bakinsa ɗaya a kan harshen ginshiƙin da ke ɓangarena. Ya shiga rabi ya tsaya. Suka ja teburin zuwa ɗaya bangon, Direba ya sake hawa, ya ɗaga ɗaya bakin ya saita ramin a kan harshen, ya saki.

Katakon ya zauna a saman harshen kamar hula a kan tulu. Ko baki bai kama ba.

"Ka karkata shi ne," in ji Kawu. "Ɗaga ka sake."

Ya sake. Bai shiga ba.

"Miƙo gudumar nan," in ji Direba. Kawu ya miƙa masa gudumar itace. Ya buga sau ɗaya, ya buga na biyu, igiyar hannuna ta girgiza har kafaɗa. A bugu na uku wani ɗan sauti ya fito daga cikin katakon, siriri, kamar an taka busasshen kara.

"Tsaya!" Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga murya haka ba. "Kada ka ƙara! Tsagewa zai yi!"

Ya tafi wajen ɗaya dogon katakon da ke ƙasa, ya durƙusa, ya sa yatsa a ramin, ya shafa jikin itacen, ya shinshina tafin hannunsa. Ya ɗaga gefen tampol ɗin ya ga ƙasar jiƙe. Ya daɗe a durƙushe.

"Ya sha danshi," ya ce a hankali. "Ya kumbura."

Shekara arba'in da biyu katakonsa bai taɓa kwana a waje ba. A shago yake fiƙewa, a shago yake haɗawa, rana ɗaya. Kafintan rufin da yake rainawa, ko wanda ya fara jiya, ya san ana barin ɗan sarari saboda itacen waje numfashi yake yi. Kawu bai bar ko na takarda ba.

Iska ta farko ta iso. Bangon da nake riƙe da shi ya yi gaba kamar saniya ta ga ciyawa, na turje da dugadugai, igiyar ta goge mini tafi.

"A sauke, Kawu," in ji Direba. Bakin katakon na kafaɗarsa, gumi na zuba daga haɓarsa. "A sauke komai, gobe a sake."

"Ba ya saukuwa. Wancan bakin ya shiga rabi ya cije. In ka ja shi da ƙarfi harshen zai karye, in harshen ya karye ginshiƙin ya tashi aiki." "Kuma gobe Lahadi."

Abin da ake buƙata ƙarami ne, kuma duk mun gane shi. Direba ya ɗaga bakin katakon kaɗan, wani ya hau ya rage kaurin harshen da cizal. Amma harshen na can sama, inda ko Direba a kan teburi sai ya miƙa hannu.

Kawu ya buɗe akwatinsa ya ɗauko cizal ɗin. Ya juya ya nufi Inna.

"Ɗaga ƙafarki."

"Ban ji ba."

"Matakala huɗu ce. Minti biyu. Ba wanda zai gaya mata."

Inna ta ɗaga wayar ta nuna masa fuskarta. Lambar Auta na kai, babban yatsanta na shawagi a sama. "Ni zan gaya mata. Malam, ni na wanke jinin nan daga tabarma. Ka ga ɗakin nan? Ya faɗi sau goma. Kai ne ba na so ka faɗi."

"In ya faɗi gobe za ta kwashe kayana!"

"In ka hau yau za ta kwashe."

Iska ta biyu ta fi ta farko. Tampol ya tashi ya naɗe a jikin tanki. Na ji ƙafar ginshiƙina ta goga a kan siminti, ƙiii, ta matsa kamar faɗin yatsa.

"Kawu, kafaɗata ta fara mutuwa," in ji Direba. "Ku yanke shawara, don Allah."

Sai Mai Aski ya yi gyaran murya daga ƙarshen igiyarsa. "Nawa za a rage?"

Kawu bai ko juya ba. "Ba ruwanka."

"Tambaya na yi. Nawa?"

"Kaurin gashi biyu. Kowane gefe."

"To ni me nake yi tun ina yaro? Zo ka karɓi igiyar nan."

"Kai? Mai buɗe gwangwani?"

"Kai Daidai, shekara talatin ina sa reza a maƙogwaronka, ka taɓa ganin jini? Wuyanka ka yarda da ni, itace ne ba ka yarda ba?"

Kawu ya tsaya, cizal a hannu. Ya dubi sama, ya dubi Inna, ya dubi ƙafar ginshiƙin da ta matsa. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan teburin aikinsa, babba, ya yi tambari. Ya tafi wajen Mai Aski, ya karɓi igiyar ya naɗe a hannun hagu, sannan ya miƙa cizal ɗin, ƙota a gaba. Mai Aski ya kama. Kawu bai saki ba.

"Ba a bugawa. Turawa ake yi. Bayansa mai santsi ya kwanta a jikin itacen. Ka bi jijiyar itacen, daga sama zuwa ƙasa."

"Saki mana."

Ya saki.

Inna ta ɗauke ƙafa, ta ɗaga tsanin da kanta ta jingina a ginshiƙin, ta riƙe shi da hannu biyu. Mai Aski ya cire takalmi ya hau. A matakala ta huɗu iska ta cika farar rigarsa, ya rungume ginshiƙin, bangon duka ya yi wani lilo, Kawu ya ja igiya har ya kusa zama a ƙasa.

"Kada ka jingina da shi! Ba a tsaye yake ba, mu ke riƙe da shi!"

"Da ka faɗa kafin in hau!"

Direba ya yi nishi ya ɗaga bakin katakon. Mai Aski ya sa babban yatsa ya shafa gefen harshen, kamar yadda yake shafa kumatu kafin ya sa reza. Ya kwantar da cizal ɗin ya tura. Wani ɓawo siriri ya naɗe ya faɗo, iska ta ɗauke shi ta kawo ƙafar Kawu. Ya sunkuya da igiyar a hannu ya tsince shi, ya ɗaga wa haske.

"Ya yi kauri."

"Ƙarya kake."

"To, kada ka ƙara a wannan gefen. Koma ɗayan."

Ya koma ɗaya gefen. Sau ɗaya, sau biyu. Ruwan ya fara sauka sosai, igiyar ta jiƙe tana sulɓe mini, na naɗe ta a ƙugu na zauna a ƙasa da dukan nauyina. Karo na farko ke nan da tumbin nan ya yi wa wani amfani.

"Gwada," in ji Kawu.

Direba ya saki a hankali. Ramin ya kama harshen, ya sauka kamar faɗin yatsa biyu, ya tsaya.

"Ya cije kuma!"

"Kada ka buga! Ɗaga!"

"Ba zan iya sake ɗagawa ba, Kawu, wallahi ƙarfina ya ƙare."

Inna ta ce wa Mai Aski ya riƙe da kyau. Ta saki tsanin ta ruga wajen wanke-wanke, ta dawo da sabulu ta miƙa masa. "Goga a inda ya rage a waje."

"Sabulu?" in ji Kawu. "A jikin—"

"Malam, riƙe igiyarka," Inna ta katse shi.

Mai Aski ya goge harshen da sabulu ta kowane gefe, ruwan sama ya taya shi. Direba ya ɗauki gudumar ya dubi Kawu.

"A hankali," in ji Kawu. "Kamar kana ƙwanƙwasa ƙofar surukai."

Ya ƙwanƙwasa. Katakon ya sauka kaɗan. Ya sake, ya sake saukowa. A na biyar ya zauna da wani sauti mai nauyi wanda na ji a ƙasan da nake zaune. Suka ja teburi da tsani zuwa ɓangarena, aka goga sabulu, da yake katakon ya miƙe yanzu, bugu uku ya zauna. Kawu ya ciro turaku daga aljihu ya jefa sama ɗaya bayan ɗaya, Mai Aski ya cafe ya zura, Direba ya buga.

"Saki igiyar," Kawu ya ce mini.

"Kawu, ka tabbata?"

"Sassauta dai."

Na sassauta. Iska ta bugo da ƙarfinta, ruwa na shiga mana ido. Bangayen suka yi ƙara, suka tsaya.

Dogon katako na biyun bai ba mu wahala ba. Kawu ya ƙara faɗin ramukansa a ƙasa da hannunsa, Inna na riƙe masa lema, kuma na ga da idona ya bar sararin da takarda za ta shiga har ta juya. Muka ɗora, muka sa matokaran kusurwa, muka buga turaku cikin ruwa. Farar rigar Mai Aski ta koma kalar shayi.

Da muka shiga falo muna ɗiga, Kawu ya goge cizal ɗin da tsumma, ya kai bakinsa kusa da taga ya daɗe yana dubawa.

"Ka ga wani abu?" in ji Mai Aski.

"Ban gama dubawa ba."

Washegari da hantsi Auta ta iso da motar. Ko zama ba ta yi ba ta wuce bayan gida. Ta zagaya ginshiƙan huɗu, ta sa hannu biyu ta tura ɗaya, ta sa kafaɗa ta sake turawa. Bai motsa ba. Ta juya wajen Inna.

"Ya hau?"

"Ya so."

"Inna, ya hau?"

"Bai hau ba."

Ta zaunar da shi a kan dutsen siminti ta ɗaura masa abin awon jini a dantse. Ta dubi lambar ta ɗaure fuska, ta ce ya rage gishiri. Sannan ta ɗaga kai ta dubi sama, inda babu komai tukuna sai katakai da gajimare.

"Rufin fa, wa zai hau?"

"Akwai wani kafinta a bayan kasuwa," in ji Kawu, kamar ana cire masa haƙori. "An ce ba shi da laifi."

"Mai ƙusa?"

"Mai ƙusa."

Auta ta naɗe abin awonta ta sa a jaka. Ta leƙa waje ta ce wa mai motar ya tafi, babu kaya.